Littafin gonar kabewa: Giwa da Dorina, 2024

Asabar, 13 ga Afrilu

An gama hidimar ƙaramar Sallah, yau muka fita bayan gida ni da yara muka auna filin. Tsawonsa ƙafa 48, faɗinsa ƙafa 22, daga gindin famfo zuwa shinge. Gidanmu yana kudancin Columbus, a jihar Ohio.

Dattijon da muke shinge ɗaya da shi, wanda yara ke ce wa Baba Tsoho, shi ya ja mu cikin harkar nan. Bara da kaka ya ɗora Auta a kan kabewarsa, ƙafar yaron ba ta taɓa ƙasa. Bana gwiwa ta matsa masa, durƙuso ya gagara, sai ya miƙo mana iri biyar a ambulan. Sunan irin Atlantic Giant. Wani manomi ne, Howard Dill, a garin Windsor na lardin Nova Scotia a Kanada, ya yi shekaru yana zaɓen iri har ya fitar da shi, kuma kusan duk manyan kabewar da ake gasa da su a yau jikokinsa ne. Kowane ƙwara ya fi babban yatsana faɗi.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa rubuta komai na gona ba, amma zai gaya maka ranar da ruwan shuka ya sauka shekara goma baya. Ni aikin dare ya raba min hankali, dole in rubuta. Kuma Yaya ya cika shekara 14 bai taɓa riƙe fartanya ba. Abin yana damuna ba kaɗan ba. A shekarunsa ni ina bin kunya a gonarmu ta ƙasar Zazzau tun daga noman fari har maimai.

Asabar, 20 ga Afrilu

Kafin mu sa shebur na kira lambar 811, wadda ake kira a nan kafin a yi tono, aka zo aka kafa 'yan tutoci inda bututun gas ya bi. Ƙasar laka ce zalla. In ka dunƙula ta a hannu sai ta tsaya kamar za a gina tukunya. Gwajin da na aika ya dawo, an ce tsaminta daidai ne, abin da ta rasa shi ne taki.

Kashin doki wanda ya shekara mun samu kyauta, hayar akori-kura dala 60. Ruɓaɓɓen takin ganye dala 120. Gwajin ƙasa dala 25. Baro 41 Yaya ya ƙirga kafin ya daina ƙirga. Da yamma ya nuna min tafin hannunsa ya yi bororo, Ummansu ta shafa masa man kaɗe.

Laraba, 24 ga Afrilu

Mun goge gefen kowane iri da samfefa don ruwa ya samu shiga, ban da tsinin, daga nan saiwa take fitowa. Muka jiƙa su awa biyu a ruwan ɗumi, muka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, muka ɗora kan tabarmar ɗumin da Baba Tsoho ya ara mana. Zafin da suke so kusan digiri 30 ne.

Litinin, 29 ga Afrilu

Uku sun huda. Biyu sun ruɓe, tsumman ya cika ruwa. Ukun suna tukwane a bakin taga.

Asabar, 11 ga Mayu

Dashe. Mutanen nan ba sa yarda da sanyi sai an shiga mako na biyu na Mayu, don raɓa takan daskare da dare ta ƙone tsiro. Mun zaɓi biyu mafi ƙarfi, na ukun yana tukunya don ko-ta-kwana.

Baba Tsoho ya jingina da shinge yana ba da umarni. Ya nuna wa 'yata Ummi wata dabara: bayan ganyen tsiro guda biyu, ganyen farko na gaske da ya fito, yaɗo zai bi ɗaya ɓangaren ne, ya juya masa baya. Sai ka dasa yadda yaɗon zai nufi inda kake da fili. Muka sa su a tsakiya suna ba juna baya, ɗaya gabas ɗaya yamma. Muka yi wa kowanne 'yar rumfar leda. Leda da bututun roba dala 38, tiyo mai tsatstsafo dala 54.

Auta ya raɗa musu suna: ta gabas Giwa, ta yamma Dorina.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ban ruwa, cirar ciyawa. Muna buɗe leda da hantsi, mu rufe da magariba.

Asabar, 1 ga Yuni

Ɓarna. Na dawo daga aiki da sassafe na leƙa, na tarar an cinye kan yaɗon Dorina ƙarƙaf, da ganye huɗu. Saura guntun kara yana ɗigar ruwa. A gindin rumbun ajiyar kaya ga rami sabo, ƙasa a tare a bakinsa. Akwai wata dabbar rami da ta cika unguwannin nan, kamar gafiya amma ta ninka ta jiki, ga gajeriyar jela. Ummi ta ce ta gan ta tun ranar Talata tana kiwo a ciyawa, ba ta san abin faɗa ba ne.

Auta ya yi kuka sosai, Dorina tasa ce. Na ɗauko na tukunya zan musanya, Baba Tsoho ya hana. Ya ce saiwar Dorina ta riga ta yi mako uku a ƙasa, ba a yar da wannan. Mu bar reshe mafi ƙarfi da zai fito daga hammatar ganye, mu mai da shi uwar yaɗo.

Yinin yau duk a shinge ya ƙare. Wayar raga dala 95. Dabbar tana tono, don haka muka binne gindin wayar ƙafa ɗaya, muka lanƙwasa shi waje. Tun ranar dashe ya kamata a yi wannan. Na ga kuɗin ne na ce a bari tukuna.

Asabar, 8 ga Yuni

Giwa tana tafiyar kusan taƙi ɗaya a yini. Mun cire rumfunan. Aikin yanzu binne yaɗo ne: duk gaɓar da ganye ya fito, in ka rufe ta da ƙasa sai ta yi sabuwar saiwa. Rassan gefe muna miƙe su dama da hagu kamar ƙashin kifi, duk ƙaramin reshen da ya fito a jikinsu mu tsinke. Mun shimfiɗa katako a tsakani don kada mu danne ƙasa da tafiya.

Na kira Hajiya ta bidiyo na zagaya da ita. Ta ga faɗin ganyen ta yi salati. Da na ce irin wannan ba ta da daɗin miya, ruwa ne ya cika ta, sai ta yi shiru.

"Kai ɗan nan, kabewar da ba a miya da ita, me za a yi da ita?"

"Ta kallo ce, Hajiya. Yara ne suke so."

"To a yi ta kallon. Amma a sa ta miya a gefe, kada ruwan ya tafi a banza."

Da la'asar muka shuka rami shida na kabewar miya a jikin shinge, mai dogon wuyan nan da ake kira batanot. Da ita Ummansu take taushe tun da muka zo ƙasar nan. Na gaya wa Hajiya asalin kabewa duk daga nahiyar Amurka take, har tamu ta kan danga. Ta ce ita dai ta taso ta tarar da ita a bayan ɗakin Iya.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Ban ruwa kawai kafin mu tafi idi.

Asabar, 22 ga Yuni

Mako guda ana zafi mai tsanani, kullum wajen digiri 35, ga gumi kamar ana dab da saukar damina a gida. Daidai lokacin ne macen fure ta farko ta fito a jikin Giwa, ƙafa 11 daga gindi, wuri mai kyau. Gane ta ba wuya: macen tana da ɗan ƙulli kamar goriba a ƙarƙashinta, namijin a kan siririn tsinke yake. Safiya ɗaya take buɗewa, shi ke nan.

Daren Talata muka rufe ta da jakar raga, da maza uku, don kada zuma ta riga mu. Bayan sallar asuba na tashi Ummi, ita ce mai sanyin hannu. Ta fige ganyen furen namijin, ta goga garin a kowane lungu na cikin macen, muka ɗaure bakin da zare. Kwana uku ɗan ƙullin yana sheƙi. Jiya sheƙin ya ɗauke, yau ya yi rawaya ya yi laushi. Ya zube. Na biyun da muka yi ranar Alhamis ma da alama haka zai bi.

Baba Tsoho ya ce zafi ne. In ya haura digiri 32 barbarar ba ta cika kamawa ba. Masu gasa kan kife akwatin sanyi a kan furen, su sa gorunan ƙanƙara a gefe. Na cika firiza da gorunan ruwa, Ummansu ta matsar da naman layya gefe guda.

Talata, 2 ga Yuli

Mun sake barbara: Giwa jiya, Dorina yau. An samu sauƙin zafi, amma duk da haka mun sa ƙanƙara da inuwa. Ta Giwa ƙafa 15 daga gindi, ta Dorina ƙafa 10 a kan sabon yaɗonta.

Asabar, 13 ga Yuli

Duk biyun sun kama, alhamdulillahi. Ta Giwa ta kai ƙwallon ƙafa. Mun tsinke sauran 'ya'yan, kowace uwa ɗa ɗaya za ta shayar.

Akwai aikin da ba ya son gaggawa. In kabewar ta kwanta jikin yaɗo, da ta yi kafaɗa za ta tura shi har ta karya wuyanta. Dole a janye ta ta fuskanci yaɗon kai tsaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan inci ɗaya ake matsarwa a yini, kuma da rana tsaka lokacin da karan ya yi laushi, da safe ƙaras yake karyewa. Mun yanke saiwar gaɓa uku kowane gefe don yaɗon ya iya ɗagawa. Ƙarƙashinsu katako da yashi, dala 18, don su riƙa zamewa suna girma. Ummansu ta ba da tsofaffin zannuwan gado farare guda biyu, rana tana busar da fata ta hana ta buɗewa.

Lahadi, 21 ga Yuli

Jiya da azahar ganyen Dorina na kusa da gindi suka yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Na ɗauka rana ce. Da magariba ba su miƙe ba. Yau na durƙusa na duba gindin, sai ga wani abu kamar jiƙaƙƙen garin katako yana fitowa ta 'yar huda.

Tsutsar kara ce. Uwarta wani ƙwaro ne baƙi da ja mai kama da rina, da rana yake tashi, tun ƙarshen Yuni yake manna ƙwai ɗai-ɗai a jikin kara. Mun gan shi kuwa, Auta ma ya bi shi da gudu, ba mu san shi ba ne. Tsutsar takan huda ta shiga ciki ta cinye hanyar ruwa.

Na wanke reza, na tsaga karan ta tsawonsa, Yaya yana riƙe da tocila. Fara ce, mai kai ruwan ƙasa, ta kai inci ɗaya. Muka zaro da tsinke. Muka bi yaɗon gaɓa-gaɓa har yamma: bakwai a Dorina, biyu a Giwa. Gindin Dorina ya zama kogo, rabinsa ya ruɓe. Na kankare ruɓar da cokali, na barbaɗa garin farar wuta, na kafa masa 'yar fanka ya bushe.

Yaya ya ce, "Abba, ta mutu ke nan?"

Na nuna masa gaɓoɓin da ya yi wata guda yana binnewa yana gunaguni. Kowace da saiwarta. Ko gindin ya tafi gaba ɗaya, su za su ɗauke ta. Bai ce komai ba, amma da na shiga alwala na hango shi ta taga da shebur yana ƙara musu ƙasa.

Kabewar miya ko ɗaya ba a taɓa ba, karanta ba shi da rami a ciki. Takin zamani da magunguna zuwa yau dala 87.

Asabar, 3 ga Agusta

Ranar awo. Da tef ɗin tela ake yi, awo uku: kewayen ciki, sannan daga ƙasa zuwa ƙasa ta sama a tsaye, sannan a gicciye. A haɗa incin, a duba jadawalin masu gasa, ya ba ka kimanin nauyi. Ummi ce mai riƙe lissafi. Giwa tana ƙara wajen laba 15 kullum, Dorina 9. Mun kafa tsinke a yashi da yamma, yatsa ɗaya tsakaninsa da Giwa, da safe ta taɓa shi.

Na ƙwararru kan ƙara laba 40 ko fiye a yini. Bara a Oktoba wani malamin aikin gona daga Anoka ta jihar Minnesota, Travis Gienger, ya kai tasa gasar Half Moon Bay a Kalifoniya, ta yi laba 2,749, wato kilo 1,247, ta karya tarihin duniya. Auta ya tambaya buhun masara nawa ke nan. Na ce sha biyu da rabi, irin buhunmu na kilo ɗari.

Asabar, 17 ga Agusta

Yau magana aka yi fiye da aiki. Yara sun fara zancen sassaƙa, Auta ya kawo zanen fuska mai haƙora irin wadda yake gani a ƙofar gidajen mutane. Ummansu ta jira suka kwanta.

"Abbansu, ni fa ban yarda a kawo mana Halowin cikin gida ba. Noman ina so, na ga abin da ya yi wa yaran nan. Amma fuskar dodo a ƙofata, a'a."

Gaskiyarta, ni ma abin yana raina. Al'adar ta mutanen Ailan ce, can wani tushe mai kama da dankali suke fafewa su sa wuta a ciki, da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka tarar da kabewa ta fi sauƙin yanka. Bikinsu ne, muna gaisawa da su lafiya, amma ba namu ba ne. Sai dai ban ga dalilin da zai sa yaro ya yi wata shida yana wahala a kan abu, sannan a ce ba zai sa masa wuƙa ba. Mu ma ai muna da sassaƙa. Ƙoren da aka jera wa Iya a ɗaka duk da zane suke, na tuna wata babba mai baƙin zanen wuta da ba a taɓa ta sai ranar suna. Ga dagi a goshin gidajen birnin Zariya, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga.

Muka tsaya a kan haka: ba fuska, ba siffar mai rai, kuma a yi kafin ranar bikinsu. Da safe na ɗauko babbar rigata ta Sallah na shimfiɗa a falo. Ummi ta kwafe aikin a takarda, ta yi ta bin dagin da yatsa tana neman inda zaren ya fara.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka suka fara gwaji a kan kabewar miya tun tana ɗanya. Karce kaɗan da ƙusa, in ta girma wurin ya warke ya zama tabo mai tudu.

Asabar, 7 ga Satumba

Fari. Rabon da a yi ruwan kirki an daɗe, ciyawar unguwa duk ta ƙone, manoman kudu da mu suna kukan masara da waken suya. Takardar kuɗin ruwa ta zo da ƙarin dala 210. Na rage ban ruwa zuwa bayan kwana biyu-biyu. Farar cutar nan mai kama da toka ta hau tsofaffin ganye, muna yanke waɗanda suka mutu.

Asabar, 21 ga Satumba

Awo: Giwa inci 296, jadawali ya ce kusan laba 580. Dorina inci 251. Girma ya ja baya. An sa tarkon ɓera, suna son yin gida a ƙarƙashi.

Asabar, 28 ga Satumba

Giwa ta fashe.

Jiya ragowar guguwar Helene ta iso mana daga kudu, iska mai ƙarfi da ruwa, wuta ta ɗauke a unguwanni da dama. Muka yi ta murnar ruwan. Iska ta yage zanin gado, ta kwantar da ganye da yawa, na ɗauka iyakar ɓarnar ke nan. Da safen nan Ummi ta je mayar da zani, sai na ji ta ƙwala min kira. A gindin kabewar, inda fure ya faɗi, tsaga ce ta kai tsawon hannu. Na zura tsinken tsintsiya ya shige har ciki bai tokare ba. Wurin nan shi ne mafi sirantar ɓawo. Da iska ta shiga ciki, ruɓa ta fara.

Ba ruwan sama kaɗai ya yi ba. Mako uku na bar ta da ƙishi, fatar ta taurare, sannan saiwar ta samu ruwa ta zuƙa lokaci guda. Da na riƙe ban ruwan daidai kullum, ko kaɗan-kaɗan ne, da wataƙila ta jure. Na faɗa wa yaran haka, don kada Ummi ta ɗauka zanin da iska ta ɗauke ne. Dorina da rabin saiwarta ta mutu ba ta iya zuƙar da yawa ba, ko tsagin gashi babu a jikinta.

Ba mu jira ta ruɓe ba. Muka sa zarto muka raba ta, kaurin naman wajen kafaɗa ya kai inci 7. Iri cikakku muka kwashe. Naman muka loda a mota muka kai wa wani ɗan'uwa mai kiwon awaki a bayan gari. Auta bai ci abincin rana ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

An yanke Dorina, kwana 102 daga barbara. Baba Tsoho ya kira abokansa biyu suka zo da ƙarfe mai ƙafa uku, da sarƙa, da ma'aunin rataye. Aka zagaya mata ɗamara, aka ja igiyar ƙasa ta tsuke. Da ta rabu da yashi kowa ya yi tsit, sai ƙarar sarƙa. Na leƙa ƙarƙashi, lafiya lau, ba hudar ɓera.

Tef ya ce inci 258, kusan laba 390. Ma'auni ya ce 371, kilo 168. Auta ya sa na rubuta lambar a bayan hannunsa. Mu shida muka ja ta a tamfol zuwa gareji. Kabewar miya guda 19.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun bi hanya mai lamba 23 zuwa Circleville, tafiyar ƙasa da awa ɗaya. Tun 1903 suke bikin kabewa a garin, kwana huɗu daga Laraba ta uku a Oktoba, shiga kyauta. Tankin ruwan garin ma fentin kabewa aka yi masa. Gani ya kori ji. Manyan suna jere a tsakiyar titi, kowace a kan katakonta, sun baje kamar an sauke tulin kaya, wadda ta zo ta ɗaya ta ninka Dorina fiye da sau uku. Abincin wurin komai da kabewa a ciki, sai da muka riƙa tambaya saboda naman alade.

Yaya bai tsaya kallon girma ba, wuyansu yake dubawa. Ya samu wani manomi ya tsare shi da tambayar yadda yake ban ruwa. Mutumin ya ce agogo ne ke buɗe masa famfo, kaɗan-kaɗan, kullum, ko ana fari ko ana ruwa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun hantsi muka shimfiɗa tamfol a ƙofar gareji. Wuƙaƙen sassaƙa da 'yan ƙarafan kankara dala 27, sauran daga kicin: ludayi, cokula, babbar roba.

Na yanke ƙofa ta baya da zarto. Auta ya shige har ƙugu da tocila a goshi, yana turo hanji da 'ya'ya, muryarsa tana amsawa kamar daga rijiya. Ummi ta manna takardar dagi a gefen da ya fi santsi, ta bi layin da ƙusa tana hudawa ɗigo-ɗigo, ta cire takardar ta haɗa ɗigon da alƙalami. Ba mu huda har ciki ba, fatar kawai ake kankarewa, sannan a rage kaurin ta ciki har haske ya iya ratsowa. Wannan shi ne aikin wahalar. Nama inci 5 sai ya koma ƙasa da ɗaya, Yaya ya yi awa uku hannunsa a ciki da ludayi, yana kankara yana ƙwanƙwasawa.

Ummansu ta ce kallo kawai za ta yi. Ba a jima ba ta karɓi wuƙa a hannuna. Ta zagaye wuyan da layi biyu, ta cika tsakaninsu da 'yan kusurwoyi, ɗaya a kankare ɗaya a bar shi, ba takarda ba awo. Ta ce haka bakin ƙwaryar furar kakarta yake. Aska takwas ta gagara, wurin ya yi gargada, muka yi aska biyu.

Wajen la'asar ludayin Yaya ya zarce, ya ɓula daidai inda zaren dagi ya hau kan ɗan'uwansa, guntu kamar tafin hannu ya faɗa ciki. Ummi ta fashe da kuka, shi kuma ya ajiye ludayin zai tafi. Ummansu ta ce a miƙo mata tsinken sakace. Ta mayar da guntun, ta soke shi ta gefe huɗu, tana ba su labarin gyartai, mai bin gida-gida yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Ɗinkin yana nan, in ka matso za ka gan shi.

Na dafa ɗan yankin Dorina don a ɗanɗana, salam yake, sai ruwa. Taushe da ta miya aka yi, da gyaɗa da yakuwa da ƙashin ragon layya, ga masa. Mun kai wa Baba Tsoho kwano.

Bayan magariba muka sa fitilar caji a ciki, muka kashe wutar waje. Dagin ya fito ja kamar garwashi, inda aka fi kankarewa ya yi ruwan zuma. Masu wucewa da karnuka suna tsayawa. Baba Tsoho ya fito da sandarsa, ya daɗe a tsaye, ya sa yatsa yana bin zaren, Ummi tana yi masa bayani. Dare ya yi nisa a gida, sai bidiyo na tura wa Hajiya.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Saƙon murya daga Hajiya. Ba ta ce komai a kan girman ba. Ta ce wa ya yi zanen wuyan, irin na ƙwaryar Iya ne sak. Ta sa wa yaran albarka ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko taushen ya yi kauri.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Dorina ta fara lotsawa tun Laraba, funfuna ta kama cikin. Yau muka sare ta muka zuba a ramin taki. Yaɗon da ganyen ba mu zuba can ba saboda cuta, an ɗaure a jaka. Mun juya ƙasar don tsutsar da ta kwanta a ciki ta fito fili, muka watsa irin wani hatsi mai kama da alkama da ake kira rai, ya rufe wurin har bazara.

Jimillar kuɗi dala 734. Shinge, tiyo da wuƙaƙe suna nan don baɗi.

Baɗi in Allah Ya kai mu: tushe ɗaya tak, ya ci filin duka. Agogon famfo tun Mayu. Duban ƙwan tsutsa kowace yamma daga tsakiyar Yuni, Auta ya ce nasa ne. Ganga biyu a ƙarƙashin indararo. Kabewar miya rami goma.

Iri yana bushewa a kan faifai a ɗakin ƙasa, na Giwa 340, na Dorina 212. Yaya ya rubuta ambulan kamar yadda masu gasa ke yi, nauyi da shekara: 371, 2024. Baba Tsoho ya aiko a ajiye masa ƙwara biyu na Dorina, an sa masa ranar aikin gwiwa a Janairu.